Haƙoran giya ne suka ci, ko kuloci ne ya ƙone? Yadda ake ganewa kafin a sauke giyabos

Tambayar da aka aiko ita ce: "Ina da babbar a-kori-kura Chevrolet Silverado 2500HD ƙirar 2006, injin dizal, giya otomatik ta Allison, mai ja da ƙafa huɗu. Tirela nake ja da ita. Wata biyu ke nan tana wani gurnani idan na tashi da kaya a giya ta ɗaya, ya ragu a ta biyu da ta uku, a ta huɗu kuma in daina jinsa. Makon jiya fitilar inji ta kama, aka sa kwamfuta aka ga P0700. Wani bakanike ya ce haƙoran ciki sun karye, a sauke giyabos. Wani ya ce solanoid ne kawai. Yaya zan tabbatar kafin a buɗe?"

Malam, sannu da ƙoƙari. Cikin masu kawo min irin wannan ƙorafi da wuya a sami wanda ya tsaya ya lura da giyar da kukan yake ɗaukewa a cikinta, kuma wannan lura taka ita ce rabin binciken. In ka ce lallai in zaɓi ɗaya cikin kanikawan nan biyu, na fi karkata ga na farko, domin solanoid ba ya irin kukan da ka siffanta. Shi bawul ne da lantarki ke buɗewa da rufewa. In ya lalace sai giya ta ƙi shiga, ko ta shiga da duka, ko motar ta maƙale a giya guda. Ba ya gurnani a ƙarƙashin kaya sannan ya yi tsit a ta huɗu. Amma karkata daban, tabbaci daban, kuma akwai abubuwan da za a duba cikin rabin yini giyabos ɗin yana jikin mota. Kafin nan dai ka kwance tirelar. In da gaske ƙarfe ne ke cin ƙarfe a ciki, kowace tafiya da ka ƙara barbashinsa take rarrabawa zuwa wuraren da har yanzu lafiyarsu ƙalau.

Abu na farko da nake so ya zauna maka shi ne, a giyar otomatik haƙora ba sa shiga su fita kamar a giyar hannu. Kullum a sarƙe suke da juna. Tsarin da ake kira falanetari ne: haƙori ɗaya a tsakiya, ƙananan pinyon suna kewaye da shi a kan fil-fil ɗinsu cikin wani keji, sannan babban zobe mai haƙora ta ciki ya rungume su duka. Canjin giya ba komai ba ne illa a riƙe ɗaya daga cikin ukun nan, a juya wani, ƙarfi ya fita ta na ukun. Masu riƙewa da sakewar su ne kuloci-kulocin da matsin mai ke dannawa. Saboda haka yawancin abin da direbobi ke kira "giya ta tafi" ba haƙori ba ne. Inji ya yi ihu mota ba ta ja, giya ta suɓuce a kan hawa, ta yi jinkirin kamawa da safe, duk wannan maganar kuloci ce, ko sil, ko matsin mai. Haƙorin falanetari ƙarfe ne da aka gasa ya yi tauri, kuma nauyi yana rarrabuwa a kan pinyon da yawa lokaci guda. Ba ya mutuwa haka kawai, sai dai wani abu ya kashe shi. Wannan magana za mu komo gare ta, don ita ce ke raba gyaran da zai daɗe da wanda zai dawo bayan wata uku.

Yanzu ga taswirar cikin naka giyabos. Allison 1000 ta shiga waɗannan motoci na GM a 2001 tare da injin Duramax, da giya biyar, aka ƙara ta shida a 2006, wato shekarar motarka. Tana da falanetari uku, P1 a gaba, P2 a tsakiya, P3 a baya, da kuloci biyar, C1 zuwa C5. Giya ta ɗaya C1 da C5 ne, ta biyu C1 da C4, ta uku C1 da C3, ta huɗu C1 da C2, ta biyar C2 da C3, ta shida C2 da C4, ribas kuma C3 da C5. Ka rubuta wannan a takarda ka liƙa a gaban mota, domin da shi ake karanta kusan kowace alama.

Ga yadda ya shafi kukanka. A giya ta ɗaya P3 ne kaɗai ke ɗauke da dukkan nauyin, inji ya juya sau 3.10 kafin farfela ta juya sau ɗaya. A ta biyu P2 ya shigo ya taya shi. A ta uku P1 ma ya sa hannu. A ta huɗu kuwa C1 da C2 sun kama tare, duk falanetarin uku sun dunƙule suna juyawa kamar sanda guda, ɗaya bisa ɗaya, babu haƙorin da ke gogar ɗan'uwansa, babu pinyon da ke juyawa a kan fil ɗinsa. To kukan da ya fi ƙarfi a ta ɗaya, ya sassauta a ta biyu da ta uku, ya ɓace ɗif a ta huɗu, yatsa yake nunawa kai tsaye zuwa falanetari, musamman na bayan nan. Abin da ba ka faɗa min ba, kuma ina so ka gwada, shi ne ko yana dawowa a ta biyar da ta shida. In ya dawo, ko da muryarsa ta canza ta zama siririn fito, to shaidar ta ƙara ƙarfi sosai, don a can haƙoran sun sake fara aiki. In bai dawo ba, mai yiwuwa kukan nauyi yake bi ba giya ba, sai a waiwayi wasu wurare.

Gwajin ba wuya. A dumama motar tukuna. A sami hanya mai santsi marar hayaniya, mutum biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na saurare. Motarka tana da maɓallin zaɓen giya da hannu a jikin sandar giya, ka yi amfani da shi. Ka riƙe gudu guda, ka ce kilomita 50 a awa, ka saurara a ta uku, sannan ka haura ta huɗu ba tare da ka canza gudun ba. In kukan ya canza ko ya ɓace alhali tayoyi na juyawa yadda suke, daga gaban farfela yake fitowa. In bai damu da canjin giyar ba, sai dai ya hau ya sauka da gudun mota, to nemi abinka a baya: boris ɗin tsakiyar farfela, kuros ɗinta, aksul na baya, boris ɗin ƙafa, ko akwatin taransifa mai raba ƙarfi zuwa tayoyin gaba. Kukan aksul yana da tasa ɗabi'a, yakan canza murya tsakanin lokacin da ka taka totur da lokacin da ka ɗaga ƙafa. Na boris ɗin ƙafa kuma yakan ƙaru ko ya ragu idan ka karkata sitiyari hagu da dama.

Ina nanata wannan ne saboda na taɓa jin kunya a kansa. Ina sabon shiga aikin nan aka kawo mota mai gurnani daga ƙarƙashin kujera, na rantse giyabos ne. Muka kwana biyu muna saukewa da wargazawa, kowane pinyon na juya shi da yatsa yana tafiya sumul, kaskon mai fes. Ashe boris ɗin pinyon na aksul na baya ne, farfela ce ke ɗauko sautin ta kawo shi gaba kamar bututu. Ladan aikin kwana biyun ni na haɗiye shi.

A motarka ma akwai takamaiman wurin da zan fara leƙawa. Akwatin taransifa na manyan motocin GM na shekarun 2001 zuwa 2007 ya shahara da wata cuta: famfon man da ke cikinsa yana gogar jikin akwatin a hankali har ya huda ƙaramin rami a bayansa, mai ya tsiyaye ba wanda ya sani, sarƙa da boris su bushe su fara kuka. Minti biyar ya isa a kwance notin duba mai a sa yatsa. In yatsan ya fito a bushe, an sami wanda ake zargi na biyu.

Akwai kuma kukan da ke fitowa mota na tsaye. Fiton da ake ji a P da N, wato giyar fakin da ta firi, yana tashi da tashin inji, yawanci famfon mai ne, ko filtar cikin kasko ta toshe famfon yana zuƙar iska. Kukan da ake ji idan an sa D an taka birki, amma ya ɓace a N, ana zargin boris ɗin cikin kwanbata, wato tulun nan mai cike da mai da ke tsakanin inji da giyabos. Ƙas-ƙas kamar ana buga cokali kuma sau da yawa farantin da ke haɗa inji da kwanbatar ne ya tsage, ko notinsa ya saki. A Allison sai an ƙara lura, don haƙorin tsakiya na P1 a manne yake da sashen da ke karɓar juyin kwanbata, yana juyawa ko motar na N, saboda haka P1 da ya lalace zai iya kuka mota ba ta motsa ba.

Ga masu Ram da Ford da za su karanta wannan, dabarar giya ta huɗu ba ta kowa ba ce. Giyabos ɗin 68RFE na Ram, wanda aka fara haɗawa da injin Cummins 6.7 a 2007, shi ma giyarsa ta huɗu ɗaya bisa ɗaya ce, gwajin yana aiki a kansa. Amma 6R140 na Ford, wanda ya zo da Super Duty a 2011, ba shi da irin wannan giya sam. Ta huɗunsa 1.15 ce, ta biyar 0.86, ya tsallake ɗayan. A can babu giyar da haƙora ke hutawa gaba ɗaya, sai dai a bi yadda muryar kukan ke sauyawa daga giya zuwa giya a gwama da jadawalin kulocinsa.

Sai maganar P0700. Wannan lamba ba ta faɗi ciwo ba. Kwamfutar giya ce ta aika wa kwamfutar inji cewa ta kunna fitila, akwai magana a wurinta. Maganar tana can a ajiye, kuma ƙananan na'urorin da ke karanta inji kaɗai ba sa kaiwa gare ta. Wanda ya ga P0700 ya ce solanoid ne, canka ya yi. A nemi na'urar da ke shiga kwamfutar giya. P0731 zuwa P0735 na nufin lissafin juyi bai yi daidai ba a giya ta ɗaya zuwa ta biyar, P0729 ta shida ce, P0736 ribas. P0741 kulocin cikin kwanbata ne ba ya kamawa yadda ya kamata. P0715 da P0720 kuma na sensar gudu ne. Kada a goge komai sai an rubuta shi, tare da bayanan da kwamfutar ta adana na lokacin da abin ya faru: gudu nawa, giya ta nawa, zafin mai nawa.

Abin da ya fi lambobin amfani shi ne kallon juyi mota na tafiya. Na'urar za ta nuna juyi uku: na inji, na abin da ke shiga giyabos daga kwanbata, da na abin da ke fita. Ka raba na shiga da na fita, dole ya ba ka lissafin giyar da kake ciki. A Allison ɗinka su ne 3.10, 1.81, 1.41, 1.00, 0.71 da 0.61. Misali kana giya ta uku, mafita na juyi 1,000 a minti, mashiga ya kamata ya tsaya a 1,410. In ka taka totur ka ga ya haura 1,600 ko 1,700 mafita bai bi shi ba, wani abu na zamewa. Sai ka koma takardar nan. Zamewa a ta uku da ta biyar da ribas, C3 ne, don shi kaɗai ya haɗa su. A ta biyu da ta shida, C4. Daga ta ɗaya har ta huɗu, C1. Haƙori kuwa ba ya zamewa. Ko dai yana riƙe da ɗan'uwansa ko ya karye. Shi ya sa falanetarin da ya fara lalacewa kan yi ta kuka watanni lissafin juyinsa daidai, babu lamba ko ɗaya. Idan lambar ta zo daga baya, kamar yadda taka ta zo bayan wata biyu, sau da yawa barbashin ƙarfen ne ya kai ga bawul ya maƙale shi, ko ya yanke sil ɗin wani kuloci, ko ya taru a kan sensa ya rikita ta. Ta wannan fuskar bakanike na biyu zai iya samun solanoid da ya toshe da gaske, ya canza, motar ta yi lafiya mako guda. Ya kori hayaƙi ne ya bar wutar.

Wani ƙaramin tarko: a masu ja da ƙafa huɗu na irin motarka, sensar gudun mafita a jikin akwatin taransifa take. In matsala na cikin akwatin can, kwamfuta za ta iya ɗora wa giyabos laifin da ba nasa ba.

Duk wannan ji ne da lissafi. Gani yana cikin kaskon mai, kuma gani ya kori ji. Tun kafin a kwance kaskon, Allison ta sauƙaƙa mana da filtar waje mai murɗawa kamar ta inji. A samanta akwai wani siririn zoben maganaɗisu, wanda sau da yawa yake maƙalewa a jikin tsohuwar filta a jefar da shi ba a sani ba. In ka kwance ba ka gan shi ba, wani ya riga ya yar da shi, a sayo sabo. In yana nan, ka kai shi rana ka duba. Laka mai laushi, baƙa-baƙa ko ruwan toka, wadda in ka murza tsakanin yatsu ba ka jin komai, wannan cin yau da kullum ne, kowane giyabos yana yi. Amma in ka ga maganaɗisun ya yi gashi kamar bushiya, siraran ƙarafa sun miƙe tsaye suna ƙyalli, ka murza su soke ka, to fuskar haƙori ko ta boris ce ke ɓarewa. A yanka filtar da abin yanka filta, ba da zarto ba, don zarto zai zuba nasa garin ƙarfen ya ɓata shaida. A warware takardar cikin a shimfiɗa.

Sannan a tsiyaye man cikin tsabtataccen mazubi, a sauke kaskon a hankali ba tare da an karkata shi ba, kuma kada yaron gareji ya rigaye ka da tsumma. Na sha isowa na tarar an wanke kasko tas an kife shi, an wanke amsar tambayar gaba ɗaya. Ka bar ɗan man da ya rage, ka karkata kaskon a hasken rana kamar mai tankaɗe, ka bi ƙasansa da maganaɗisu. Baƙin gari mai kama da ganyen shayi, wanda maganaɗisu ba ya ɗauka, tare da mai mai ƙaurin ƙuna, fatar kuloci ce. Ƙyalli ruwan zinariya tagulla ce, daga bushin ko woshar da ke tare turin haƙora. Farin ƙyalli da maganaɗisu ya ƙi, alminiyon ne, daga cikin kwanbata, ko fistin, ko wani abu da ya fara gogar jikin akwati. Gutsattsarin roba mai tauri ma wosha ce ta narke ko ta farfashe. Abin da ke yanke hukunci shi ne ƙarfe mai siffa: ɗan guntu mai fuska ɗaya a goge ɗaya a karye, wato bakin haƙori, ko kuma 'yan sanduna sirara masu santsi kamar gutsuren allura. Waɗannan alluran boris ne, ko na cikin pinyon ko na tsakanin sassa, kuma ba su da hanyar zuwa kasko sai gidansu ya watse. Ko guda ɗaya ka tsinta, an gama gardama, a sauke.

In man ya fito kamar an dama shi da madara, ruwan lagireto ne ya shiga ta masanyayin mai. Wannan wani babi ne, ruwa yana ɓamɓare fatar kuloci daga farantinta, kuma canjin mai ba ya mayar da ita.

Akwai lalacewar ƙarfe iri guda da ke zuwa ba kuka, ba barbashi mai yawa. Mota na cikin ja sai a ji fas sau ɗaya, inji ya tashi sama kamar an sa N. A nan gejin matsin mai ne alƙali. In matsin ya faɗi, a nemi famfo, filta ko bawul. In matsin yana nan daidai da abin da littafin motar ya ce, kuloci na samun umarni, amma ƙarfi ba ya fita, to shaf ya karye ko ƙananan haƙoran da ke sarƙe shi da mazauninsa sun share. Na'ura ma za ta nuna: mashiga na juyi a D, mota a tsaye, mafita sifili. Gwajin nan na taka birki da totur tare don a ga iyakar juyin inji kuwa, ni ba na yin sa a motar da nake zargin haƙori. Injin dizal irin naka yana da ƙarfin da zai ƙarasa abin da ya tsage cikin daƙiƙa biyu, kuma babu abin da gwajin zai gaya min da na'ura ba ta riga ta faɗa ba.

To a ce an sauke an buɗe. Ina ba ka shawara ka je da kanka ranar da za a wargaza, ka ce a jera maka sassan a kan tebur. Ka ɗauki kejin P3 ka juya kowane pinyon da yatsa. Lafiyayye yana tafiya sumul ba sauti. Ka gwada girgiza shi gefe da gefe, bai kamata ya yi rawa a kan fil ɗinsa ba. Wasansa na sama da ƙasa kuma da filagej, wato siraran faranten auna rata, ake aunawa a gwama da littafi, ba da ido ba. Ka dubi launin ƙarfen a bakin fil ɗin da jikin kejin. In ya koma ruwan ƙasa-ƙasa ko shuɗi kamar bakin salansar babur, wuta ya sha, kuma wuta a wannan wuri ma'anarta ɗaya ce: mai bai isa ba. Ka dubi fuskar haƙoran, ƙananan ramuka kamar zanzana alamar gajiyar ƙarfe ce ko datti da ya daɗe yana bi ta tsakaninsu. In akwai karyayyen haƙori, ka kalli wurin karayar da kyau. Mai santsi da layuka masu lanƙwasa kamar bawon albasa, tsagewa ce da ta daɗe tana tafiya kaɗan-kaɗan. Mai kaushi kamar an karya dutse, duka ɗaya ne ya yi shi.

Daga nan ake gane wanda ya kashe shi. Duka ɗaya yakan fito ne daga fizgar kaya, ko jijjiga mota tsakanin D da R don fita daga laka tayoyi ba su tsaya ba, ko taya mai juyi a banza ta cafki ƙasa mai tauri farat ɗaya, ko kuma an taɓa kwamfutar inji an ƙara masa ƙarfin da ba a gina giyabos ɗin dominsa ba. Wannan na ƙarshe a Allison yakan fara bayyana ne a matsayin zamewa a giya ta biyar kafin ya kai ga ƙarfe, a 68RFE kuma kulocin manyan giyoyi ne ke fara ƙonewa. In an taɓa taka, ka faɗa wa mai gyara gaskiya.

Shuɗin ƙarfe kuwa, wanda shi na fi gani a motocin jan tirela, hanyarsa ta masanyayin mai ce. Man da ke shafe falanetari shi ne wanda ya fita daga kwanbata da zafi, ya bi ta masanyayi, ya dawo. In masanyayin ya toshe, ko tiyo ya lanƙwashe, haƙora na aiki da ƙishirwa alhali sandar duba mai na nuna a cike. Tsohuwar ƙa'idar kanikawa ita ce a kwance tiyon dawowa a tara a mazubi, a ga kusan lita ɗaya cikin daƙiƙa 20 inji na zaune, amma adadin da littafin motarka ya bayar shi ne abin bi. Zafin mai a tafiya ta yau da kullum yakan zauna wajen digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyos. In kana yawan ganin 120 a kan hawa da tirela, man yana tsufa da wuri kuma yana sirancewa a daidai lokacin da pinyon ya fi bukatarsa. An taɓa kawo min mota da aka yi wa gyara sau biyu a wani wuri, kowane karo sabon falanetari, kowane karo ya sake yin shuɗi. Da muka yanka tsohon masanyayin, ramukansa cike suke da fatar kulocin kwanbatar farko. Ba wanda ya taɓa shi a duka gyaran biyu.

Saboda haka in kasko ya nuna ƙarfe, ga abin da zan tsaya a kai in ni ne kai. Ba a canza pinyon ɗaya ko haƙorin tsakiya kaɗai a bar zobe, duk wanda ya gogi lalatacce shi ma ya ɗauki tabo. Kwanbata a canza ta, don a rufe take da walda, wanki ba ya fitar da abin da ya shige lungunanta. Masanyayin mai a sa sabo, tiyo a wanke ko a sauya. Gidan bawul a wargaza shi bawul-bawul, famfo a buɗe a duba fuskarsa. A zuba man da aka rubuta wa giyabos ɗin, kowane kamfani da nasa: 68RFE na Ram na shan ATF+4, 6R140 na shan Mercon LV, naka kuma dangin Dexron ko wanda Allison ta amince da shi a ƙarƙashin ƙa'idarta ta mai da ake kira TES 295. Bayan an ɗaura a goge abin da kwamfutar giya ta koya a kan tsofaffin kuloci, a sake koya mata, in ba haka ba za ta danna sababbi da lissafin tsofaffi.

In kuma kasko ya fito fes, maganaɗisu laka kawai, lissafin juyi daidai a kowace giya, kada ka yarda a sauke. A mayar da kasko da sabuwar filta, a koma kan taransifa da farfela da aksul, a ɗaga motar a bi su ɗaya-ɗaya da abin saurare. Ka aiko min da lambobin da ke bayan P0700, da abin da ka ji a giya ta biyar da ta shida, da hoton maganaɗisun kafin a goge shi.

Ranar kai ta gareji kuma, in ba za a ɗora ta a kan babbar mota ba sai dai a ja ta, a kwance farfela tukuna. Famfon man giyabos da inji yake juyawa. Inji a kashe, tayoyin baya na juya P3 kilomita bayan kilomita ba ɗigon mai, kuma na ga giyabos da ya bar gida da ƙaramar matsalar lantarki ya iso gareji da shuɗin keji.